Maganar Yarima Maldwyn

Gelliwen, Llanbrynmair
3 ga Fabrairu, 1974

Zuwa ga ƙanwata Luned,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Baba, da fatan kina lafiya, ke da Keith da kuma baƙon da ke tafe. Baba ya ce in tambaye ki ko ƙafafun sun daina kumburi. Ya ce haka Mama ta yi da cikinki, har sai da ta ari takalminsa na zuwa coci. Mu nan lafiya lau, in ban da ruwan da ya ƙi ɗaukewa tun Kirsimeti. Tumaki sun yi nauyi, haihuwa sai tsakiyar Maris. Idon Baba kuwa sai a hankali. Na hagun ya rufe, na daman yana ganin mutum amma ba ya ganin rubutu, don haka duk abin da motar wasiƙa ta kawo ni nake karanta masa a teburin shayi, har takardar maganin tsutsar tumaki.

Ga dalilin wasiƙar. Kin dai ji ranar ɗaya ga Afrilu za a soke gundumarmu, a haɗe mu da biyun da ke kudu da mu, a kira mu Powys. Mutanen ƙauye sun shirya taron bankwana Asabar ɗin ƙarshe ta Maris, da waƙa da shayi, kuma kwamiti ya ce Baba ne zai yi jawabi tunda shi ne mai sunan gundumar. Tun ranar da Fasto Rowlands ya kawo saƙon mutumin nan bai zauna ba. Ya sa na kai baƙar kwat ɗinsa Machynlleth an rage mata kafaɗa. Yana tafe bayan garke yana gwada jawabi, kare na kallonsa.

Abin da zai faɗa kin san shi, mun sha shi tun muna yara. Yarima Maldwyn, wanda ya tsare mashigin kogin Hafren ya hana 'yan Ingila ƙetarowa, aka kira gari Trefaldwyn, wato garin Maldwyn, gunduma ta ci sunan gari, shi kuma Baba kakarsa ta raɗa masa sunan yariman. Amma ya ce wannan karon ba labarin bakin murhu yake so ba. Yana son shekara, da sunan uban yarima, da inda kabarinsa yake, don kada maƙwabcinmu Trefor Jarman ya zauna a baya yana murmushin nan nasa. Ya ce ba a banza ya tura ki jami'ar Bangor kika karanta harshenmu da tarihinmu ba, yau ranar ta zo.

Ki rubuto da wuri, da manyan baƙaƙe, kin san karatuna. Tun bikinki bai nemi komai a wurinki ba sai wannan, to ki gane. Har sunan Keith ya fara kamawa, ya daina cewa ɗan Ingilan nan. Ki gaishe shi in ya sauko daga aikin man nan nasu na tsakiyar teku.

Yayanki,
Idwal

Aberdeen
9 ga Fabrairu

Yaya Idwal,

Wasiƙarka ta iso, na ji daɗi da kuna lafiya. Ka gaishe min da Baba da kyau, ka ce masa ƙafafun suna nan kamar burodin da ya tashi, takalmin Keith nake jawo. Likita ya ce jinina ya ɗan hau, in rage gishiri in yawaita kwanciya. Keith ya koma teku shekaranjiya. Garin nan ba wanda zan yi harshenmu da shi sai cikin nan, shi nake yi wa hira, yana amsawa da shuri.

Na kwana biyu ina juya saƙon Baba kafin in ɗauki alƙalami. Yaya, babu Yarima Maldwyn. Ba wai kabarinsa ne ya ɓata ba, shi kansa ne ba a taɓa yi ba. Babu shi a jerin sarakunanmu, babu shi a waƙoƙin mutanen da, babu shi ko'ina. Na san haka tun shekarata ta farko a Bangor, na haɗiye abina.

Ga yadda abin ya faru. Ka san halin harshenmu na sauya baƙin farko na kalma. Muna cewa "bara", burodi, amma burodinsa "ei fara". Muna cewa "mam", uwa, amma uwarsa "ei fam". Ka ga ke nan B da M duka F suke komawa. To da mutanen baya suka zo raba Trefaldwyn, suka cire "tre", gari, sai suka ga saura "faldwyn". Suka ɗauka M ce ta koma F, suka ce Maldwyn. Alhali B ce. Mutumin wani basarake ne daga Normandi, cikin Faransawan nan da suka ci Ingila da yaƙi sannan suka matso kanmu. Sarkin Ingila ne ya ba shi sansani mai ganuwa da ke kallon mashigin Hafren, shekara ɗari takwas da ɗoriya da suka wuce. Ya tsare mashigin kam, amma mu ya tare wa hanya. Sunan garin na Turanci ma, Montgomery, na wani ɗan Normandin ne da ya riga shi zuwa, shi kuma sunan garinsu ne can Faransa. Ko ta ina ka juya gundumar nan, sunan baƙo ne a jikinta.

Saboda haka sunan da Baba yake ɗauke da shi, in aka bi shi har gindi, Baldwin ne. Kuma ka ji wani abu. Ni da Keith mun riga mun gama magana, in namiji ne sunan nan za mu sa masa. Ban san yadda Baba zai ɗauka ba.

Tsorona shi ne ya tashi gaban jama'a ya zuba labarin yarima, wani mai karatu ya gyara masa a bainar mutane. Ka lallaɓa shi ya yi magana a kan gonaki da waƙa da mutanen da ya sani, ai yana da su fal, ya bar yarima ya kwanta. Ka ce masa littattafaina suna cikin akwati tun ƙaura, ban samu dubawa ba.

Taka,
Luned

Af, har na manta. Gaisuwar nan ta sama kawai za ka karanta wa Baba. Sauran naka ne kai kaɗai.

Gelliwen
13 ga Fabrairu

Luned,

Muna lafiya, in wannan lafiya ce. Ina fata ke ma haka.

Wanda zai ce kada a karanta abu, a sama yake rubutawa, ba a ƙasa ba. Na gaya miki a teburin shayi nake karanta masa komai. Ya ji ƙarar motar wasiƙa, ya riga ni bakin ƙofa, ya miƙo min ambulan ya zauna, ya ɗora hannu biyu kan sandarsa. Kin san ni ba mai tsallake layi da ido ba ne, abin da idona ya taka shi bakina ke faɗa. Ya yi dariya a kan burodin ƙafafunki. Da na kai inda kika ce babu Yarima Maldwyn sai na tsaya, na ce shayi zai huce. Ya ce, "Ci gaba, Idwal, ido na rasa ba kunne ba." Na karanta har ƙarshe, har inda kika ce in yi masa ƙaryar akwati, har inda kika ce kada in karanta.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tambaya ɗaya ya yi min: "Baldwin ta ce za su sa wa yaron?" Na ce haka ta rubuta. Ya tashi ya lalubi kwat ɗin da aka gyara, ya rataye ta can ƙuryar kabad, ya ce in je in gaya wa Fasto su nemi wani. Ban je ba tukuna.

Ni ban yi Bangor ba, ba zan yi gardamar B da M da ke ba. Wataƙila kina da gaskiya. Amma mutum mai shekara saba'in da uku, ido ya tafi, mata ta tafi, gunduma za ta tafi, abu ɗaya ya rage yana riƙe da shi, shi ne ya suɓuce a bakina ina kallon fuskarsa. To wannan a ce tsautsayi ne, ba ki nufe shi da ji ba. Maganar yaron fa? Kin auri ɗan Ingila, ya haɗiye, ya zo bikin har ya tsaya a hoto. Yanzu jikansa na fari za ki sa masa sunan wanda ke da kanki kika ce shi ya tare mana hanya, kina kuma tambayar yadda zai ɗauka. Wannan ba karatu ba ne, Luned, cin fuska ne. In shawarar Keith ce, ki ce masa ya kyauta. In taki ce, ban san ki ba.

Kada ki rubuto yanzu. Duk wasiƙar da ta zo sai ya ji motar, kuma sai ya ce in karanta, ni kuwa ba zan sake zama gabansa in yi wannan aikin ba. Ki bar mu mu ji da tumaki.

Idwal

Gelliwen
4 ga Maris

Luned,

Ina gaishe ki. Ina fata jinin ya sauka, ƙafafun ma haka. Ni lafiya ta ƙalau, Baba ne ba lafiya.

Larabar waccan na tafi kasuwar Machynlleth, na bar shi zaune bakin murhu. Da na dawo babu shi babu kare. Ashe gonar sama ya hau duba tumaki, mutumin da ba ya ganin ƙafarsa, ana ruwa haɗe da ƙanƙara. Na ruga na kira Trefor Jarman don shi ne mafi kusa. Haushin kare ne ya kai mu. Yana cikin ramin ruwan da ke gindin katanga, ruwa har ƙugu, ya kasa tashi, leɓensa ya yi shuɗi. Trefor ne ya goyo shi har gida, Trefor ɗin da suka shekara talatin ba sa ga maciji da juna.

Likita ya ce ciwon huhu ne, ya so a kai shi asibitin Aberystwyth, ya ƙi. Ranar zaɓe yana kwance bai san inda yake ba, karo na farko ke nan da bai jefa ƙuri'a ba tunda ya isa. Da zazzaɓin ya yi zafi, likita ya so ya gwada hankalinsa, ya sunkuya ya tambaye shi sunansa. Ya buɗe ido ya ce, "Tambayi 'yata, ita ta sani." Likita ya dube ni, na dubi bango. Jiya zazzaɓin ya sauka, ya sha romon rago rabin kwano.

Na tambaye shi abin da ya kai shi sama. Ya ce mutum ko ba shi da suna yana da tumaki.

Na ce kada ki rubuto, amma ban ce har abada ba. Tun kina rarrafe ba ki taɓa jin maganata ba, sai wannan karon kika ga dama? Duk safiya in motar wasiƙa ta wuce ba ta tsaya ba, sai ya juya fuska bango. Da hankalinsa bai ambace ki ba, amma ni na san abin da yake saurare. Ban janye abin da na faɗa kan sunan yaron ba, yana nan. Sai dai fushi daban, uba daban. Ko layi biyu ne ki rubuto, na yarda zan karanta.

Har yau ban gaya wa Fasto cewa Baba ya janye ba. Sanarwar taron na manne a tagar shago da sunan Baba a jiki, duk wanda ya zo duba shi sai ya ce ya yi maza ya warke, ana jiran jawabi. Shi kuma sai ya rufe ido kamar barci.

In kuma wani abu ne ya same ki, ki sa Keith ya rubuto. Shirun nan ya fara yi min yawa.

Yayanki,
Idwal

Asibiti, Aberdeen
18 ga Maris

Yaya, ka fara karanta wannan kai kaɗai, ga shi na rubuta a sama. Sannan ka karanta wa Baba duka in jikinsa zai ɗauka.

Ina gaishe ku. Yaya jikin Baba? Ka yi haƙuri da rubutun.

Na haihu ranar Talatar da ta wuce. Namiji ne, bakwaini. Yana cikin kwalba da bututu a hanci, bai kai ɗan ragon da aka haifa 'yan uku ba. Likitoci ba su ce zai rayu ba, ba su ce ba zai rayu ba. Ni aiki aka yi min, ina tashi a hankali.

Wasiƙarka ta fushi ta same ni ni kaɗai a gida. Bayanta da 'yan kwanaki idona ya yi duhu a shago, aka kawo ni nan, jinin ya hau ƙwarai, tun lokacin ina kwance. Likita ya ce da wasiƙa da babu abin zai faru. Na yarda da shi, kai ma ka yarda, kada ka ɗauki wannan ka ɗora wa kanka. Da Keith ya sauko ya so ya rubuto muku, na hana shi, na ce ai an ce kada a rubuto. Taurin kai gado ne, ka san inda muka samo shi. Ganin na ɗan daidaita ya koma teku, sai ranar aikin aka ɗauko shi, tun daga nan a kan kujerar asibiti yake kwana. Jiya ya je gida ɗauko kaya ya tarar da wasiƙarka ta biyu a bayan ƙofa. Ashe Baba na kwance can, ni ina nan ina ƙirga laifinku.

Yanzu maganar suna. Yaya, Baldwin? Ni? Na yi ta juya abin da na rubuta a kaina har na gano inda alƙalamina ya yi tuntuɓe. Da na ce "sunan nan", na Baba nake nufi. Maldwyn. Keith ne ma ya fara kawo shi tun cikin yana ƙarami, yana ta gwada faɗinsa yana aski. Abin da na ji tsoro shi ne Baba ya ce ba ya son a gaji sunan da kuskure ya haifa. Na ga yadda layin ya zauna, ba zan ce ba ka da hujja ba. Amma a ce ka san ni tun ranar da aka haife ni, ka yarda zan yi wa Baba haka, wannan ya fi ɗinkin nan ciwo.

Maganar yarima kuwa ba zan janye ba, don ba ni da ikon janyewa. Haka take.

A jikin kwalbar sun rubuta Jaririn Ramsden, sunan gidan su Keith. Nas-nas kullum sai sun tambaye ni sunansa. Shekaranjiya faston asibiti ya zo ya tambaya cikin lallami ko muna son a yi masa baftisma yanzu, ka san abin da wannan tambayar take nufi. Na ce a jira. Ba zan sa masa sunan ba sai mai sunan ya ba ni. In ya hana, ya hana, za mu nemi wani. Amma ka tambaye shi da wuri, Yaya. Ban san lokacin da muke da shi ba.

Ƙanwarka,
Luned

Gelliwen
21 ga Maris

Luned, ƙanwata,

Sannu. Sannu da jiki, barka da arziki. Allah ya raya shi, ya tashe ki. Abin da na rubuta miki na rubuta shi, ban san yadda zan lashe shi ba, ki yafe min. Ni lafiya, sai dai haihuwar tumaki ta kankama, a rumfa nake wuni.

Ki karanta da sauri, don Baba yana hanya zuwa wurinki.

Jiya wasiƙarki ta zo. Na karanta ta a rumfa ni kaɗai, na wanke hannu na shiga na karanta masa. Ya fara zama a kujera kwanan nan, da bargo a gwiwa. Da na kai inda kika ce Maldwyn kike nufi, ya ce in maimaita. Na maimaita. Da na gama na jira ya ce wani abu game da yaron, sai kawai ya ce in je in ɗauko masa Fasto Rowlands. Raina ya ɓaci, na ce jikanka na tsakanin rai da mutuwa kai kuma yarima ne a gabanka. Ya ce in ɗauko shi.

Fasto ya zo, ko zama bai gama yi ba Baba ya tambaye shi ko an taɓa yin Yarima Maldwyn. Mutumin nan ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce a iya saninsa ba a yi ba, tun yana makarantar fastoci ya ji maganar Baldwin. Baba ya ce to me ya sa ya kawo masa jawabi. Ya ce kwamiti ya ga labarin na da daɗi a bakinsa, kuma ba ya cutar da kowa. Baba ya tambayi wa kuma ya sani. Luned, shugabar makaranta ta sani. Mai gidan waya ya sani. Trefor ya ji a rediyo tun kafin ki shiga makarantar sakandare ma, shi ne murmushin nan. Rabin kwarin nan sun sani. Fasto ya so ya gyara, ya ce ai an san mu mutanen Maldwyn da taushin hali, ba wanda ya so ya ɓata masa rai. Baba ya ce, "Taushin hali ko raini? Kun zuba min ido shekara da shekaru ina shirme kuna tafa min. Mutum ɗaya ce ta bari gaskiya ta iso kunnena, ita ma sai da kuskure." Fasto ya fita bai taɓa shayinsa ba.

Yau da safe na dawo daga rumfa na tarar da shi tsaye a ƙofa cikin baƙar kwat, da jakar Mama a hannu, motar Trefor na kunne. Ashe ya sa Fasto ya biya ya gaya wa Trefor, wai wanda ya iya yi masa dariya ya iya kai shi tasha. Na ce likita ya hana shi ko tsakar gida. Ya ce ba jikan likita ba ne a kwalba. Na ce ya jira in sami mai riƙe min tumaki mu tafi tare, ya ce yaron bai ce zai jira ba. Na tare ƙofar motar. Ya tsaya yana tari yana kallon wajen da yake jin numfashina, har na matsa. Na ce to me zan rubuta miki kan sunan. Ya ce, "Ba a aika suna a ambulan."

Trefor ya kai shi tashar jirgin ƙasa ta Caersws ya damƙa shi hannun mai duba tikiti. Sai ya sauya jirgi a Shrewsbury, da Crewe, da kuma wani wuri a Scotland. Mutumin da bai taɓa wuce Shrewsbury ba, ido ɗaya da rabi babu, Turancinsa na cinikin tumaki ne. Na je akwatin tarho na bakin gada na kira asibitinku. Wata nas ta ɗauka, ni ban gane Turancinta ba, ita ba ta gane nawa ba. Na yi ta maimaita a gaya wa Keith ya je tasha. Ban san abin da ta ji ba.

Wannan wasiƙar za ta iso bayansa, in ya iso. Ki sanar da ni.

Idwal

Asibiti, Aberdeen
24 ga Maris

Yaya Idwal,

Ya iso. Na sa shi a farko don ka sami numfashi, ko da yake Keith ya ce ya bar saƙo a gidan waya. Ina gaishe ka, sannu da fama da tumaki kai kaɗai. Jikina da sauƙi, yau na taka har ƙarshen baranda.

Saƙonka ya iso a karkace. Nas ɗin ta gaya wa Keith wai wana ya ce an sa tunkiya a jirgi a je a karɓa. Allah ya sa Keith ya yi tunani, ya tafi tasha ya tari jirgi bayan jirgi har aka rufe, babu Baba. Ni ba a gaya min komai ba. Ashe jirgi ya tsere masa a Crewe, ya kwana a ɗakin jiran fasinja a Edinburgh, wasu sojoji suka ba shi shayi suka sa shi a jirgin safe. Ranar Juma'a Keith ya hango shi zaune kan benci, ya rungume jakar Mama yana tari. Ya kira shi da sunansa. Baba ya ce min da muryar ya gane shi, kuma yaron ya fi masu karanta labarai a rediyo iya faɗin sunan. Yaron, Yaya, haka ya ce. Hannun Keith ya riƙe har asibiti.

Da suka ji tarin sun so su hana shi shiga wurin jarirai. Ya ce shi daga Gelliwen ya taso, su yi shawara zai jira. Likita ya duba ƙirjinsa ya rubuta masa magani, aka sa masa riga da ƙyallen rufe baki, aka tura ni a keke muka shiga. Ya tsaya gaban kwalbar ya ce ba ya ganin komai sai haske. Babbar nas ta sa ya wanke hannu har gwiwa, ta kama hannun ta shigar ta tagar gefe. Ka san yadda yake taɓa ɗan rago sabon haihuwa, da yatsa biyu, daga haƙarƙari zuwa ƙafa. Haka ya yi masa. Ya daɗe. Ya ce ya ga waɗanda ba su kai shi ba sun tashi sun yi tsallen katanga.

Sannan ya juyo kaina. Ya ce na sani tun Bangor na bar shi, wannan maganar tana nan, za mu yi ta in na warke. Na ce to. Na ce, "Baba, sunan fa?"

Ya ce, "Kin tabbata babu yariman nan?"

Na ce, "Babu, Baba."

"Ko ɗan ƙarami?"

"Ko ɗan ƙarami."

Hannunsa na nan cikin kwalbar. Can ya ce, "To ba wanda zan nemi izininsa ke nan. Nawa ne. Na ba shi."

Jiya faston asibiti ya yi masa baftisma da ruwa a cokali, Baba ya yi addu'a da harshenmu, nas-nas suka tsaya har ya gama. Maldwyn Idwal Ramsden. Na tsakiyar Keith ne ya ƙara, kada ka rubuto gardama. Har yanzu yana kwalba, kuma ba za su yi mana alkawari ba. Amma ya riƙe nonon da ake ba shi ta bututu, kuma yau likita ya ce "ranar da zai koma gida", bai lura ya faɗa ba, ni na lura.

Baba yana gidanmu da Keith, suna rigimar yadda ake dafa shayi. Ya ce ba zai dawo ba sai an fito da yaron daga kwalba, ko da zai kai lokacin askin tumaki. Saboda haka jawabin Asabar ya faɗo kanka. Ya ce ka tashi ka gaya musu maganar B da M yadda take, kana kallon Fasto, ka kuma gode wa Trefor a gaban kowa, don ya san hakan zai fi ba shi haushi. In suka tambayi ina Maldwyn na Gelliwen, ya ce ka ce musu ya tafi suna, jana'izar gunduma su yi ta ba tare da shi ba.

Ƙanwarka,
Luned